Da Uwar Amarya a Tsibiran Farasan

Ƙanshin ful ne ya fara tarbar mu a tashar jirgin ruwa ta Jizan, farin furen nan da ake shiryawa a zare kamar tsakiya, ya cakuɗe da warin man jirgi da ƙarnin kifi. Har yau in na wuce masu sayar da shi a unguwar Sharafiyya ta Jidda sai in ji ƙasa tana ɗan lilo da ni. Tun da na dawo Jidda abokan aiki ba su bar ni na huta ba. Zulai, yaya Farasan? Da gaske ruwan kore ne? Da gaske kin kusa sa Anti Balaraba ta rasa auren 'yarta? Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi a bakin lif. To ga shi daga farko, kuma laifin da yake nawa ba zan ɗora wa iska ba.

Anti Balaraba ma'aikaciyar jinya ce 'yar Zariya, shekara goma sha ɗaya tana aiki a asibitin da nake ba da magani. Kwantiraginta ya ƙare, aka yankar mata tikitin komawa gida gaba ɗaya, jirgin Asabar bayan isha. Dangin angon 'yarta Fa'iza sun ɗaga ranar aure sau biyu saboda ita. A na uku suka ce ta turo hoton tikiti, suka sa ɗaurin aure Lahadi bayan azahar: ta sauka Kano da asuba, ta kama hanyar Zariya. Babu sauran ɗagawa.

Kayan ɗakin amarya sun riga sun tafi ta kago. Ranar Litinin na same ta a ɗakin da ba komai sai katifa, tana ninke gyale ɗaya tana warwarewa.

"Anti, shekara goma sha ɗaya kina bakin teku. Kin taɓa shiga jirgin ruwa?"

"Me na ajiye a cikin ruwa?"

Sai na saki baki. Na ba ta labarin tsibiran da ke kudu, gidajen attajiran lu'ulu'u na da, da bishiyoyin da ke tsaye cikin gishiri ba su mutu ba. Na ce kwana biyu kawai, Juma'a muna gida. Ta dube ni ta ce ni dai karatu ya yi min yawa. Amma ta daina ninke gyalen.

Ta ukunmu Rihab ce, mai karɓar baƙi a asibitinmu, haifaffiyar unguwar Sa'alaba a nan Jidda. Kakanninta Hausawan Sudan ne. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai ta haɗa da Larabci, kuma kowa "kai" ne a bakinta. Ita ce mai mota, ita ce tafinta. Ni aka ɗora wa neman kujerun jirgi.

Jirgin da ke ƙetarawa daga Jizan zuwa Farasan kyauta ne, sau biyu a rana, safe da la'asar. Sai dai dole ka kama kujera tun da wuri da lambar iƙamarka, wato katin izinin zama a ƙasar. Na kama na zuwa. Da na zo kan na dawowa, Anti ta leƙo wayar.

"Ke, wa yake yankar tikitin dawowa bai je ba? In mun gama sai mu je tasha mu hau. Abin hawa ba ya ƙin fasinja."

Ni ma haka na tashi na gani a Gusau: ka je tasha, ka zauna, in mota ta cika a tashi. Kuma a raina ina ganin zaɓen sa'ar rabuwa da tsibiri tun ban gan shi ba rashin ladabi ne ga tsibirin. Na rufe wayar. Ban gaya wa Rihab ba, don ban ɗauka akwai abin faɗa ba.

Laraba da asuba muka kama hanyar kudu, teku na hannun dama yana ɓuya yana leƙowa. A garin Lis muka karya da gurasar tamis mai zafi da shayin madara, muna tsaye jikin mota. Rihab tana tuƙi tana zagin raƙuma da Larabci, Anti tana baya da carbi, ni ina gaba ina ƙoƙarin rubuta launin ruwan, kalma ta ƙi zuwa. Bayan mun wuce Kunfuda da nisa ƙasa ta sauya. Sai ga gonaki, sai ga tsohuwar bukka mai kan tulluwa a bayan wani gida.

"Tsaya, Rihab. Tsaya nan."

Anti ta fita da abayarta ta shiga gonar mutane, ta kamo zangarniya ɗaya ta murza. "Dawa ce. Wallahi dawa ce. Ashe suna da ita suka bar ni shekara goma sha ɗaya ina cin shinkafa."

Mai gonar ya taso, dattijo, ɗaure da zani, kansa naɗe da furanni da ganye mai ƙanshi. Ya yi mana maraba, ya karya zangarniya biyu ya ba ta. Muna komawa mota Anti ta riƙe dariyarta har muka yi nisa, sannan ta sake ta.

"Namiji da gemu, da zani, da fure a ka. In Baban Fa'iza ya fito haka a Tudun Wada, ai sai an kira masu ruƙiyya."

"Khala, wannan zina ne na rijal," in ji Rihab, wato Anti, wannan adon maza ne. "Kai ba ka san gayu ba."

A tashar Jizan muka ajiye mota. Ba wata ƙasa za ka ba, amma shiga jirgin kamar ƙetare iyaka ne: layin mata daban, a duba iƙama, a duba fuska, jaka ta bi ta na'ura. Jakar Anti ta tsaya. Ma'aikaciyar ta zaro wani ƙulli a leda uku, ta kwance, ta kai hanci, ta ja da baya.

"Esh hada, ya Hajja?" Wato mene ne wannan.

Daddawa ce. Anti ba ta zuwa ko'ina ba ita da yaji. Rihab ta yi ta bayani, ta ce magi ne na mutanenmu. Matar ta kira abokiyar aikinta ita ma ta shaƙa, su biyu suka yi ta dariya a bayan niƙabi har kafaɗunsu na rawa. Suka ƙulle mana abinmu da leda ta huɗu.

Anti ta shiga jirgi da lemon tsami a hannu da addu'ar hawa a baki, ta shirya wa mutuwa. Sai ta tarar da kujeru jere, sanyin na'ura, da talabijin. Bayan rabin awa ta ce, "Wannan ai ɗakin jiran asibiti ne aka ɗora a kan ruwa." Na ja ta zuwa taga. Ta daɗe tana kallo, lemon yana hannunta ba ta ko yanka ba.

Masaukinmu gidan Ummu Yahya ne, wata dattijuwa da ke ba mata baƙi hayar ɗaki biyu a bayan gidanta, ita da 'yarta Amal. Gadajensu na igiya ne, dogaye, sai ka taka ɗan benci kake hawa. Na hau nawa ƙafafuna suna reto kamar na yarinya. Aka kawo kifi a tukunyar dutse yana tafasa, da lahuh, wanda sinasir ne da ya yi tafiya ya sauya suna, da marsa: gurasa da ayaba a dame, a kwarara zuma da man shanu. Anti ta barbaɗa wa kifin yajinta, Ummu Yahya ta ɗanɗana, ta yi tari, ta miƙo hannu a ƙara.

Larabcin Anti na ɗakin majinyata ne. Ta iya "ina ke ciwo", "ja numfashi", "kada ki motsa". Da wannan da nuni da hoton Fa'iza a waya ta fahimtar da matar gidan cewa aure za ta aurar ranar Lahadi. Ummu Yahya ta ɗora hannu a baki ta rangaɗa guɗa, irin tamu sak, ta aika Amal ta kawo zaren ful ta naɗa wa Anti a ka. Daga ranar ba ta sake kiran ta da wani suna ba sai Ummul Arusa, uwar amarya.

Alhamis ce ranar da na zo dominta. Ummu Yahya ta haɗa mu da Ammu Jabir, tsohon masunci mai faluka, ƙaramin jirgi mai inji. Masu tsaron gaɓa suka rubuta sunayenmu, muka sa rigunan iyo a kan abaya, muka zama kamar buhunan lemo guda uku.

Da ya taka injin, hancin falukar ya ɗaga sama, Anti ta kama hannuna ta kama na Rihab tana salati. Kafin mu kai tsibiri na farko salatin ya koma dariya. Mun shiga dajin ƙandal, inda bishiyoyi ke tsaye cikin ruwa da saiwoyinsu a waje, hanya ƙunci kamar lungun cikin birni, Ammu Jabir ya kashe inji muka ji tsuntsaye. Mun sauka a Ƙumma, ƙauyen masunta, inda wata mata ta ba mu shayi ta tambayi Rihab ko mu 'yan Sudan ne, ta ce a'a, ta ce to ko Habasha, ta ce a'a, sai ta ce duk ɗaya ne, ku sha. A hanya dolfin biyu suka bi mu suna tsalle. Rihab ta miƙe za ta ɗauki hoto, ta zauna daɓas a cikin bokitin kifi.

Wajen azahar ya ajiye mu a wani tsibirin da ba shi da suna ko bishiya, farin yashi kawai, za ka zagaye shi kafin ka gama Fatiha uku. Anti ta tattare abaya ta taka ruwa zuwa idon sawu. Sai gwiwa. Sai kawai ta zauna a ciki, mace mai shekara hamsin da uku, tana dukan ruwa da tafin hannu tana cewa, "Zulai, ɗumi gare shi. Me ya sa ba wanda ya gaya min ɗumi gare shi?"

Nan muka yi salla. A gidan Ummu Yahya darduma aka shimfiɗa mana muka bi, ba mu san ina ne ina ba. A nan kuwa Anti ta tuna inda rana ta fito, ta juya can, muka bi ta. Ammu Jabir ya bari muka sallame, sannan ya yi gyaran murya.

"Ya Hajja, can Jizan ne. Bayansa Yaman." Ya nuna arewa. "Alƙibla nan."

Anti ta ce ba ta yarda ba. A Zariya gabas take kallo, a Jidda gabas take kallo, yau rana ɗaya a ce mata arewa?

"Khala, mun wuce Makka tun jiya," in ji Rihab. "Mun bar shi a baya."

Anti ta dubi arewa kamar an nuna mata baƙo. "Ikon Allah. Ni Balaraba na yi tafiya har na wuce alƙibla." Muka juya muka sake, ina danne dariya a cikin ruku'u, Allah ya yafe min.

Da magariba muna cin abinci, fuskokinmu sun ƙone, yashi har cikin kunne, Ummu Yahya ta tambaya jirgin safe za mu bi ko na la'asar.

Na ce, "Duk wanda muka samu."

Rihab ta ajiye lomarta. "Ya Zulai. Ba ka yi hajz na dawowa ba?"

Ta ciro waya. Ƙarshen mako ne, ga hutun makaranta. Juma'a a cike, Asabar a cike, kujera ta farko sai Lahadi da la'asar. Amal ta ce akwai faluka masu ƙetarawa da fasinja, amma iska ta fara tashi, in ta tashi kuwa masu tsaron gaɓa ba sa barin ƙaramin jirgi ya fita. Abin da ya rage layin jira: ka rubuta suna a tasha, in wani bai zo ba a kira ka.

"Halas," in ji Rihab. "Ku mutanen Najeriya, jirgi ne wannan, mu dabbab." Wato ba ɗan acaɓa ba ne.

Juma'a da safe muka tarar da layin jiran ya yi tsawo, iska tana kaɗa tutar tasha kamar za ta yage ta. Jirgi ya tafi ba mu. Aka rufe wa faluka hanya. Da Anti ta zage ni da na ji sauƙi. Sai ta ce, "Ni na hana ki, 'yar nan, bar kuka," ta ba ni gefen gyalenta.

Don kada mu zauna muna kallon agogo, Ummu Yahya ta kai mu wani tsohon gidan attajirin lu'ulu'u. Da dutsen murjani aka gina shi, bangon duk zane a farar ƙasa, sak irin dagin da ake yi wa soraye a birnin Zariya, sai dai nasu ya fi ƙanana. Ta ce a da maza kan tafi nutso wata da watanni, mata suna nan suna duban teku. Muna ciki wayar Anti ta yi ƙara.

"Mama, kin gama shiri?"

"Na gama, Fa'iza. Ina nan... ina bakin ruwa ina shan iska."

"Ke da ruwa? Mama, an sa min lalle, bari in turo miki."

Da ta kashe, ta zauna a dokin ƙofa tana kallon hoton hannayen. Ta ce ta bar Fa'iza tana da shekara goma sha biyu. Saukar karatunta a waya ta gani, gama makarantarta a waya. "Ɗaurin aure na maza ne, ba shi nake ji ba. Amma kafin a fita da ita, uwa ce ke zaunar da ita ta yi mata faɗa. Shekara biyu ina shirya abin da zan ce. In ban je ba, kowa zai faɗa mata nasa, ban da ni."

Rihab ta juya wa Ummu Yahya maganar da Larabci a hankali. Matar ta gyaɗa kai kawai, ta ce mu tashi, lokacin jirgi ya yi.

Na la'asar ma ya tafi. An kira har mutum biyun da ke gabanmu aka tsaya. Saura na safiyar Asabar. In mun same shi, za mu isa Jidda da la'asar, a ɗauki jaka a wuce filin jirgi. In ba mu same shi ba, shi ke nan.

Tun kafin kiran asuba Ummu Yahya ta buga mana ƙofa da tafin hannu. "Yalla, ya Ummul Arusa." A masallacin mata na tasha muka yi salla, kuma wannan karon Anti ta tambayi alƙibla kafin ta tayar. Da aka buɗe taga mu ne farkon rubuta suna, Ummu Yahya tana tsaye a kanmu kamar mai gadin tukunya. Mutane suka yi ta shiga da akwatuna da kwandunan kifi. Layi ya ƙare. Ma'aikacin ya dubi na'urarsa, ya daɗe yana dubawa.

"Talata," ya ce. Uku. Ya karanto sunan Anti a karkace, da nawa, da na Rihab.

Ban san na iya gudu da abaya ba sai ranar. Anti ta yi gaba, ta dawo da gudu ta rungume Ummu Yahya, ta rasa Larabcin godiya, sai ta ce mata "ja numfashi, ja numfashi", su biyu suna dariya suna hawaye. A cikin jirgi muka zube a kujeru muna haki. Anti ta ce addu'arta ce. Rihab ta ce a'a, sa'arta ce, ita da ta zauna a bokitin kifi. Muka yi ta musu har Jizan, jirgin yana tangaɗi da iska, ba wadda ta tuna da tsoro.

Hanyar dawowa ba mu tsaya ba sai shan mai da salla. Rihab ba ta zagi raƙumi ko ɗaya ba, ba ta da lokaci. Mun shiga Jidda rana ta yi sanyi, na haura da gudu na ɗauko akwatin Anti, muka kai ta filin jirgi da sauran lokaci har na shan ruwa. A bakin ƙofa ta riƙe kumatuna ta ce, "Ke da tsibiranki." Sai ta shige, yashin Farasan yana zuba daga takalminta.

Lahadi da yamma Fa'iza ta turo min hoton da ƙawarta ta ɗauka: ƙofar ɗaki a rufe, takalman mutum biyu a bakinta. Ta rubuta cewa Mama ta yi awa ɗaya da rabi tana faɗa, motocin ɗaukar amarya suna ta oda a waje.

Bayan wata biyar Amal ta kawo mahaifiyarta Jidda ganin likitan ido, suka neme ni a ɗakin magani. Muna shan shayi, Ummu Yahya ta shiga wajen likita, na ce wa Amal har yau ina mamakin sa'armu, a ce mutum uku cif su fasa tafiya a safiya irin wannan.

Amal ta dube ni ta yi dariya. Ta ce kujerun nasu ne, ita da Umma da ƙanwar Umma. Asabar ɗin ce ranar lallen 'yar ƙanin Ummu Yahya a garin Sabya, can ƙetaren ruwa, sun kama kujerun tun da wata guda, ɗinkunansu na cikin akwati. Sai da Umma ta ga sunayenmu a saman takarda sannan ta sa Amal ta soke nasu a waya, a nan bakin taga, muna tsaye kusa da ita. Su ba su ƙetara ba sai Lahadi da iska ta kwanta, lalle ya riga ya bushe a hannun kowa.

"Kawu ya yi fushi sosai," in ji Amal. "Umma ta ce masa goggonnin amarya su bakwai ne, ba za a rasa mai guɗa ba."